Tarihin Flo Hyman, ƴar wasan da ciwon Marfan ya kashe ba ta san tana da shi ba

An haifi Flo Hyman ranar 31 ga watan Yuli na shekarar 1954 a birnin Los Anjeles, ƙasar Amurka. Baƙar fata ce, ta biyu cikin ƴaƴa takwas. Mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mahaifiyarta kuma tana da ɗan gidan sayar da abinci. Tun tana ƙarama tsawo ya raba ta da sa'o'inta, har tana jin kunyarsa, sai iyayenta suka yi ta ƙarfafa mata gwiwa. Da ta gama girma ta kai mita 1 da santimita 96.

Wannan tsawo shi ya zama jarinta. Ta shiga wasan ƙwallon raga, jami'ar Houston ta ɗauki nauyin karatunta saboda wasan, daga nan ta wuce ƙungiyar ƙasa. A 1980 ta yi shirin wasannin Olimpik na Mosko, sai Amurka ta ƙaurace musu. Ba ta karaya ba. A gasar cin kofin duniya ta 1981 aka zaɓe ta wadda ta fi kowa iya buga ƙwallo. A 1984, a garin haihuwarta, ƙungiyarsu ta samu lambar azurfa ta Olimpik, bayan ƙasar Sin ta doke su a wasan ƙarshe.

Ranar 24 ga Janairun 1986 tana wasa a birnin Matsue na Japan, ƙarƙashin ƙungiyar Daiei. An canza ta, ta zauna a benci don ta huta, sai kawai ta sulale ƙasa. A ranar ta rasu, tana da shekara 31.

Da farko an ce bugun zuciya ne. Amma danginta suka nemi a binciki gawar a Kalifoniya. Binciken ya nuna zuciyarta lafiya lau take. Babbar jijiyar da ke ɗauke jini daga zuciya ce ta tsage, dalili kuwa ciwon Marfan, wanda babu likitan da ya taɓa gano shi a jikinta.

To, mene ne ciwon Marfan? Masu sayar da atamfa sun san cewa ƙarkon zane yana ga zarensa. Haka jikin mutum yake da wani irin zare da ke riƙe ƙashi, gaɓoɓi, ido da jijiyoyin jini. Mai wannan ciwo da zare marar ƙwari aka haife shi. Wani likitan yara ɗan Faransa, Antoine Marfan, shi ya fara bayaninsa a 1896, a jikin wata yarinya ƴar shekara 5. Sai a 1991 masana suka gano ƙwayar gadon da ke haddasa shi. Yana samun kusan mutum 1 cikin 5.000. Ba a ɗaukarsa daga wani, gadonsa ake yi: in uwa ko uba na da shi, kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira. Amma kusan 1 cikin 4 na masu shi, a kansu ya fara.

Alamominsa su ne tsawo fiye da na dangi, dogayen hannuwa da yatsu, raunin gani, ƙirji mai lotsawa ko mai turowa, da lanƙwasar ƙashin baya. Flo tana da tsawon, da dogayen hannuwa, da raunin gani, sai dai kowa baiwar wasa ya gani a cikinsu. Haɗarin kuwa a ɓoye yake, don jijiyar na iya yin shekaru tana buɗewa sannu a hankali ba tare da zafi ba.

Rasuwarta ta sa aka auna ƴan gidansu. Aka tarar jijiyar wani ɗan'uwanta namiji ta buɗe, aka yi masa aiki tun kafin ta tsage. Labarin ya bazu a jaridu, mutane da dama suka fara jin sunan ciwon. Daga 1987 Amurka ta keɓe rana guda kowace shekara, ta mata da ƴan mata a fagen wasanni, wadda aka fara don tunawa da ita.

Har yanzu ba a warkar da ciwon Marfan, amma ana rayuwa da shi. Ana ɗaukar hoton zuciya, wato eko, a kai a kai. Ana shan maganin da ke rage ƙarfin bugun jini. Ana guje wa ɗaukar kaya masu nauyi da wasa mai tsanani, in jijiyar ta buɗe da yawa kuma a yi aiki. Mace mai ciki da ke da shi tana bukatar kulawar likitan zuciya tun farko. Da haka, da yawansu suna kai shekara 70.

Ba kowane dogo ne ke da Marfan ba, jama'a. Amma in tsawo ya haɗu da waɗannan alamomi, musamman a gidan da aka taɓa rasa matashi farat ɗaya, to a je asibiti, kuma a tafi da ƴan'uwa a auna su tare.