Likita Mila na Zariya, da Abin da Na Koya Daga Labarinsa

'Yan'uwana malamai da ɗalibai, a gidan da na ke zaune a unguwar GRA, nan Maiduguri, akwai wani tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda na gada daga wurin kakana. Bangonsa ya ɓare, gara ta ci gefensa, amma da yamma in na taso daga makaranta na kan zauna gindin dogon yaro in buɗe shi. Bugun shekara ta 1932 ne. Mutumin da ya shugabanci aikin juya shi da Hausa shi ne Walter Miller, wanda mutanen Zazzau suka sani da suna Likita Mila. Labarinsa na ke so in ba ku, domin ya taɓa fid da ni daga wata kunya, kamar yadda za ku ji in mun kai ƙarshe.

An haifi Mila a cikin shekara ta 1872 a wani ƙaramin gari mai suna Honiton a ƙasar Ingila. Ya koyi aikin likita a asibitin St. Bartholomew a birnin Landan. Da ya so, da ya zauna a ƙasarsu ya tara dukiya, gama likita ba ya rasa abin yi. Amma sai ya ba da kansa ga ƙungiyar mishan ta C.M.S., ya ce ƙasar Hausa za shi. A lokacin nan Turawa kaɗan ne ƙwarai suka taɓa ganin Kano da idonsu, labarinta kawai su ke ji.

Kafin ya zo, sai da ya tafi Tarabulus ya koyi harshe. Kada ku yi mamaki, a zamanin nan akwai Hausawa da yawa a can, fatake da mahajjata da bayin da suka sami kansu. A nan ya sadu da wani yaro Bakatsine, Abdul Majid, wanda a ke kira Audu, mahaifinsa ya rasu a hanyar Makka. Suka shaƙu, yaron nan ya zama kamar ɗansa, ya kuwa taimake shi ƙwarai wajen jin Hausa. Ashe babban likita ya fara da zama almajirin ƙaramin yaro. Mu da za mu koyar, mu riƙe wannan.

A farkon shekara ta 1900 suka tashi daga Ikko su biyar, Bishof Tugwell ne shugabansu, suka biyo ta Jabba da Zariya har suka isa Kano a watan Afrilu. Ba soja tare da su. Ku tuna fa, Kano ba ta shiga hannun Turawa ba sai a cikin 1903, Gwamna Lugga kuwa bai so wannan tafiya tasu ba. Sarkin Kano Alu bai yi maraba da su ba, ya ba su kwana uku su bar masa gari. In an bi ta gaskiya, Sarki yana da dalilinsa, gama ba shi ya kira su ba, ga kuma labarin sojan Turawa a bakin Kwara. Suka juyo suka sauka a Girku, kudu da Zariya. A nan ɗayansu, Dudley Ryder, ya kwanta da atuni ya rasu. Wani kuma ciwo ya sa aka mai da shi gida. Daga baya gobara ta cinye masaukinsu, sauran suka tattara suka koma. A Ingila mutane da yawa suka ce wannan tafiya ganganci ce, ni ma ban ce sun rasa gaskiya duka ba.

To, ga inda halin mutumin ya fara bayyana. Wanda aka kora, ya binne abokinsa, ya ga ɗakinsa ya zama toka, ga kuma dariyar mutanen gida, ai da ya haƙura ba mai zarginsa. Amma a cikin 1902 sai ga Mila ya komo Girku. A cikin 1905 ya shiga cikin birnin Zariya ya zauna a Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Bai zauna a barikin Turawa ba. A tsakiyar mutane ya zauna, yana jin abin da su ke faɗi, yana wanke gyambonsu, har Hausarsa ta kai inda Hausawa kansu su ke yabawa.

Zama cikin mutane kuwa shi ya jawo masa rigima, domin wanda ya ke jin Hausa, kuka ba ya ɓuya gare shi. Talakawa suka riƙa kawo masa ƙarar abin da a ke yi musu, na ƙwace, da na bayin da a ke sayarwa a ɓoye, da halin da 'yan kurkuku su ke ciki. Shi kuwa ba ya iya ji ya yi shiru. Sai ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa Razdan, in Razdan ya yi biris ya rubuta wa na gaba da shi. Yana cikin waɗanda suka kai ƙarar Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda Turawa suka tuɓe wajen 1920 suka kai shi Lokoja. Har yau mutane ba su daidaita a kan wannan al'amari ba, Sarki Aliyu kuwa malami ne, mawaƙi, ana tunawa da shi da daraja. Ba ni ne alƙalin wannan shari'a ba. Abin da na ke so ku lura da shi shi ne, a zamanin da talaka ba ya iya ɗaga ido ya dubi dogari, an sami mutum guda wanda ya ɗauki kukan talaka abin a saurara ne.

Da a ce sarakuna kaɗai ya ke yi wa haka, da sai mu ce ai Bature ne, ƙarfin 'yan'uwansa ya dogara gare shi. Amma harshen da ya yi wa Sarki magana da shi, shi ya yi wa Gwamna. Dabarar Turawan mulki ita ce su bar kome a hannun sarakuna da En'e, muddin haraji yana shigowa, ƙasa kuma tana kwance. Mila ya ce musu a fili, rufe ido a kan zalunci don neman zaman lafiya shi ma zalunci ne. Saboda haka Razdan-Razdan da yawa suka ɗauke shi ƙaya a ƙafa. Ya kawo shawarar a buɗe makaranta domin 'ya'yan sarakuna da malamai, aka ƙi ba shi, aikin ya faɗa hannun Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a cikin 1909. Ya nace a riƙa rubuta Hausa da baƙaƙen boko, irin waɗanda ku ke karantawa yanzu. Ko da ya tsufa bai sāke ba, gama a cikin 1947 ya fitar da wani littafi wanda sunansa ma tambaya ce ga 'yan'uwansa Turawa, ko sun kāsa a Nijeriya.

Ina ya samo wannan ƙarfin hali? A ganina daga littafin nan da ya ke juyawa ya samo shi. Mutumin da ya shekara wajen talatin yana auna kowace kalma ta Littafi Mai Tsarki, ya sha gamuwa da labarin Daniyel a ramin zakoki, da na Bitrus da Yohanna a gaban majalisa, da na Annabi Natan da ya tsaya gaban Sarki Dawuda ya nuna masa laifinsa. Koyarwar Kirista a nan ba ta da wuya. Sarki da Razdan da talaka duk bayin Ubangiji ɗaya ne, iyakar ikon mutum a kan mutum ɗan'uwansa ba ta wuce kabari ba. Wanda ya sa wannan a zuciyarsa zai girmama na gaba da shi, ya ba shi hakkinsa, amma ba zai sayar masa da gaskiya ba. Hausawa ma sun ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

A cikin 1913 waɗansu baƙi suka zo wurinsa, waɗanda a ke kira Isawa. Labarin da suka riƙe shi ne, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani Malam Ibrahim wanda karatunsa ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa ƙwarai. Aka ce ya janye maganarsa, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano, almajiransa suka watse wajen Ningi da ƙasar Zazzau. Waɗansu daga cikin zuriyarsu suka karɓi addinin Kirista, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Garin ya fara kyau, sai ciwon barci ya faɗa masa, ya kashe mutane da yawa, ala tilas saura suka tashi. Wannan ya yi wa Mila ciwo ƙwarai. Dogara ga Allah ba ta hana shi binne mutanen da ya ke ƙauna ba, amma ta hana shi ajiye aikin.

A cikin 1929 aka fitar da mishan daga birnin Zariya aka kai shi Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ginin ƙasa irin na Hausa, da makaranta, da asibiti. Mila bai so barin birni ba, ya kuwa faɗa wa shugabanninsa haka. Sai ya koma Kano ya duƙufa a kan fassara, shi da waɗansu 'yan mishan da malamai Hausawa, har littafin ya fito a cikin 1932. Ya ajiye aikin C.M.S. a cikin 1935 ya tafi Ingila, amma zama bai yiwu ba, a cikin 1939 ya komo. Ya rasu a cikin 1952 a wajen Jos, yana da shekara 80, can kuwa aka binne shi.

Itacen da ya dasa ya yi 'ya'ya. Daga cikin jama'ar nan aka sami Likita R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafuwarta. Da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Da Farfesa Ishaya Audu, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Da Janar Yakubu Gowon, wanda ya yi karatun fari a Wusasa. An sāke sabon juyi na littafin a cikin 1979, amma shi ya share hanya. Ran Lahadi in kun bi ta majami'un Maiduguri za ku ji Babur da Margi da mutanen Cibok da na Gwoza, kowa da harshen gidansu, sun taru suna karatu da Hausa.

Kada in ɓoye muku, mutum tara ya ke bai cika goma ba. Mila yana da kaifin baki da saurin yanke hukunci. Ya faɗi maganganu a kan Musulunci da sarautar Fulani waɗanda suka wuce gona da iri, suka ɓata wa mutanen kirki rai. A farko kuma ya yi zaton bindigar Turawa za ta buɗe wa aikinsa ƙofa, ashe ba haka ba ne. Daga nan na gane rashin tsoron mutum dabam, raina mutum dabam. Duk inda Mila ya tsaya don wanda aka zalunta, tsayuwarsa ta yi albarka. Inda kuwa zafin ransa ya rinjaye shi, sai maganarsa ta rufe kunnen da ya ke so ya buɗe.

Yanzu ga kunyar da na ambata. Mu mutanen Maiduguri mun san tsoro. Tun daga 2009 mun ga an ƙone makarantu da masallatai da majami'u, mun binne malamai 'yan'uwanmu, Musulmi da Kirista. Amma akwai wani ƙaramin tsoro da ya fi wannan yawan kā da malami. Wata shekara wani ɗalibi ya faɗi gwajin koyarwa a hannuna, mahaifinsa kuwa babban mutum ne. Aka aiko mini da saƙo cikin ladabi, in duba al'amarin, aka kuma tuna mini da ƙarin girman da na ke jira. Na kwana biyu ban yi barci ba. A dare na biyu har na ɗauki alƙalami na gyara makin. Da asuba na buɗe littafin kakana kamar yadda na saba, sai na tuna da wanda ya juya shi, mutumin da ya tsaya gaban Sarki da Gwamna, ga ni kuwa takarda guda ta sa gwiwata ta yi sanyi. Na tuna kuma da yara hamsin da za a danƙa wa wannan saurayi alhali bai iya ba. Na soke gyaran, na mai da makin yadda ya ke. Na kira yaron na gaya masa dalili, na ce in ya yarda zan riƙa zama da shi da yamma. Ya yi fushi, daga baya ya zo. Ya maimaita gwajin ya ci da guminsa. Ƙarin girman nan kuwa bai zo ba sai bayan shekara biyu, ban kuwa mutu ba.

Ku da za ku fita ku riƙe aji, irin wannan rana tana jiranku. Watakila uban yaro ne, watakila shugaban makaranta, watakila abokan aiki masu cewa kowa ma haka ya ke yi. Ran nan ku tambayi kanku gaban wa za ku ba da lissafi a ƙarshe. 'Yan'uwanmu Musulmi suna da wannan koyarwa a nasu addini, don haka ba wanda zai ce ba da shi a ke ba. Ku faɗi gaskiya da ladabi, ku ba na gaba girmansa, ku bar sauran ga Mai Duka.

Allah ya ba mu zuciyar da za ta ji tsoronsa shi kaɗai, amin.