Aliyu Ɗan Sidi, Sarki Kuma Sha'iri

Duk mai nazarin rubutattun waƙoƙin Hausa ba zai rasa cin karo da sunan Aliyu Ɗan Sidi ba. Shi jikan Malam Musa Bamalli ne, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya zama Sarkin Zazzau na farko a daular Fulani. Mahaifinsa, Sidi Abdulƙadir, shi ma ya yi sarauta, amma ba ta daɗe ba aka tuɓe shi. Ke nan Aliyu ya tashi a gidan da ya gaji karatu, ya kuma ɗanɗani zaƙin mulki da ɗacinsa.

A shekarar 1903, bayan Turawa sun fitar da Sarki Kwasau, suka naɗa Aliyu. Gadon kuwa ba na hutawa ba ne. Gidaje huɗu ke neman sarautar Zazzau, wato Mallawa, gidan su Aliyu, da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Ga Nasara a bisa kowa, ga kuma Likita Mila ɗan mishan zaune cikin birni, ba sa ga maciji da Sarki.

A irin wannan hali ne waƙa ta zame masa makami. Ya kamata mu tuna cewa waƙar ajami ba don ido kaɗai ake tsara ta ba, don kunne ne. Rera ta ake yi da murya, kamar yadda aka saba tun a gidan Shehu, inda aka riƙa rera waƙoƙin Nana Asma'u da na Isan Kware. Idan mai waƙa sarki ne, masu fara ji su ne 'ya'yan sarauta da malamai da fadawa, daga nan ta bazu gari. Saboda haka maganar da ba ta faɗuwa a zaman fada sai ta fito cikin wa'azi da habaici, mai kashi a gindi ya tsargu. Tabarƙoƙo ita ce ta fi shahara ta wannan fanni.

Bai tsaya nan ba. Waƙar Diga ta dubi aikin hanyar jirgin ƙasa da ta isa Kano a 1911, wadda ta ratsa Likoro da Gimi a yankin Kudan da Makarfi. Waƙar Zuwa Birnin Kano kuwa labarin tafiyarsa ce zuwa taron sarakuna.

A 1920 Turawa suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja, can ya rasu a 1924. Sarauta ba ta komo gidan Mallawa ba sai 2020, bayan shekara ɗari. Rawani ya bar gidan, amma waƙoƙin ba wanda ya iya tuɓe su. Allah Ya ji ƙansa, amin.