Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da zaman Degel

'Yan'uwa mata da iyalanmu, tunda Allah ya sake nuna mana ranar kafa ƙungiyarmu ta gama kai a nan Kudenda, muka ce bari mu ɗauko tarihin mutumin da kowa ya san sunansa, amma ba kowa ya san da me yake ciyar da kansa ba.

An haifi Shehu a Maratta, ƙasar Gobir, a 1754. Yana yaro iyayensa suka koma Degel, wani ƙauye a yankin Gwadabawa ta Jihar Sakkwato a yau. Ya yi karatu wajen mahaifinsa da danginsa, da kuma Malam Jibrilu ɗan Umaru. Yana da shekara kamar ashirin ya fara wa'azi.

A wancan zamani malamin da ya yi suna fada yake nufa, a ba shi riga da doki, ya zama ɗan gida. Shehu bai tare a Alkalawa ba, babban birnin Gobir. Ko ya tafi yawon wa'azi Kabi ko Zamfara, Degel yake dawowa. Mutane suka riƙa binsa can, Fulani da Hausawa da Buzaye, kowa ya kafa bukkarsa, suna kiran kansu Jama'a. Ana karatu, ana noma, ana kiwo. Shi kansa Shehu, masu tarihi sun ce igiya yake tufkawa a sayar, ya ci daga nan. Igiya fa! Mu da muke kasuwa mun san ribar igiya ba ta taka kara ta karya ba. Sai dai an ce tufafinsa ma ba su wuce riga ɗaya da wando ɗaya da rawani ɗaya ba, to kun ga buƙatar ba yawa.

Amfanin wannan zama ya fito a Magami, wajen 1788. Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Babbar Sallah yana rabon kyauta, ya ware wa Shehu zinariya misƙali 500. Shehu bai karɓa ba. A madadinta ya nemi abu biyar, ciki har da a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Sarki ya amince. A ganinmu da ya sa hannu ya karɓi zinariyar nan, bakinsa ba zai iya buɗewa a kan haraji ba. Duk wadda ta taɓa cin bashin mai ba da kaya ta san yadda murya ke mutuwa a gabansa.

Mata ma ba a bar su a baya ba a Degel. Shehu ya bar su suna zuwa sauraron karatu, har wasu malamai suka zarge shi. A littafinsa Nurul Albab ya yi tir da malaman da ke koyar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun kai. A Degel ɗin aka haifi 'yarsa Nana Asma'u a 1793, wadda daga baya ta kafa 'Yan Taru, mata masu bi ƙauye-ƙauye suna koyar da 'yan'uwansu. Mu da muka riƙe fensir bayan mun yi 'ya'ya, wannan wuri ya fi taɓa mu.

Zaman bai ɗore ba. Jama'a ta yi yawa, sarakunan da suka biyo bayan Bawa suka tsorata, Nafata ya hana rawani da lulluɓi, Yunfa ya matsa. A Fabrairun 1804 suka bar Degel suka yi hijira zuwa Gudu. Yaƙin da ya biyo baya dogon labari ne, an rasa rayuka ta kowane ɓangare, ba shi muka ɗauko yau ba.

Bayan an ci Alkalawa a 1808, ƙasa ta dawo hannunsu, Shehu ya raba aikin mulki tsakanin ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello. Shi ya zauna Sifawa yana koyarwa yana rubutu. A 1815 ya koma Sakkwato, a nan ya rasu a 1817, kuma nan hubbarensa yake.