Muhammadu Al-Kashinawi: Bakatsinen da Ya Koyar a Alƙahira



A zangon nan malaminmu na kimiyya ya saka wata manhaja a kwamfutar makaranta. Idan akwai wuta da intanet, tana sauko mana da hoton sararin samaniya guda ɗaya kullum daga hukumar NASA ta Amurka. Wasu hotunan na'urar Hubble ce ta ɗauko su, wadda aka harba sama a 1990. Da muka gani, sai wasunmu suka ce ilimin taurari na Turawa ne kaɗai, ɗan Jega ko Aliero ko Maiyama sai dai kallo. Shi ya sa muka kawo muku tarihin wannan bawan Allah.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wato Bafulatanin Katsina. Ya taso a zamanin da Katsina ta yi suna wajen karatu da fatauci, tun kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754. Ya yi karatun addini da Larabci, sannan ya zurfafa a lissafi da ilimin taurari. Cikin malamansa akwai Muhammadu al-Wali na Bagirmi, a ƙasar Chadi ta yau.

Wajen shekarar 1730 ya tafi aikin Hajji. A lokacin babu jirgi babu mota, sai ayari. Daga Makka ya wuce Alƙahira ta ƙasar Masar, inda ya zauna yana koyarwa da rubutu. Wani babban malami mai suna Hasan al-Jabarti, wanda shi ma masanin taurari ne, ya sauke shi a gidansa kuma ya yi karatu a wurinsa.

Ya rubuta littafin Bahjat al-Afaq a kan abin da muke kira hatimi. Hatimi gidaje ne da ake zuba wa lambobi, yadda duk layin da ka tara zai ba ka jimla ɗaya. Ga misali mu gwada. Layin farko 4, 9, 2. Na biyu 3, 5, 7. Na uku 8, 1, 6. Ku tara a kwance, ko a tsaye, ko a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za ku samu. Shi kuwa ya bayyana hanyoyin gina manyan da suka fi wannan, masu gidaje mara a kowane gefe, kamar 5 ko 7. Ya kuma rubuta al-Durr al-Manzum, wanda ya yi magana a kan taurari.

A zamaninsa ana haɗa wannan ilimi da ɗalasimai da duba, abin da malamai da yawa suka hana. Mu lissafinsa muke yabo, domin har yau masu binciken tarihin lissafi suna nazarin hanyoyinsa.

Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan mai masaukinsa, bai sake ganin Katsina ba. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, ya zama shahararren marubucin tarihin Masar, kuma ya saka labarinsa a littafinsa. Ta nan duniya ta ƙara saninsa.

Al-Kashinawi bai taɓa ganin hoton tauraro ko ɗaya ba. Idonsa da tawada da takarda kawai yake da su. Mu kuwa hoto yana zuwa mana har aji, amma da an shigo darasin lissafi sai mu fara hamma. Kallon hoto ba shi ne sani ba.

Don haka ga aikin gida. Idan an ɗauke wuta yau da dare, ku fita tsakar gida ku nemi Kaza da 'Ya'yanta, ko ku tambayi kakanninku inda Zara da Gamzaki suke fitowa. Wanda kuma ya iya gina hatimi mai gida 5 a kowane gefe, da lambobi daga 1 zuwa 25, ya kawo mana mu liƙa a wannan allo da sunansa. Kowane layi 65 zai bayar.

Allah Ya jiƙan Malam Muhammadu, Ya ba mu ilimi mai amfani.