Amina 'yar Bakwa: sarauniyar da ta ɗauki tsaron gari da hanya a matsayin aikin mulki

Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari a shekarun da 'yan bindiga suka mayar da dajin Kamuku mafakarsu, ya san yadda direbobi kan yi cirko-cirko suna jiran rakiyar sojoji kafin su ratsa. A ƙaramar hukumar Igabi, wadda ta yi iyaka da Birnin Gwari, akwai garin Turunku. Nan ne tarihin baka ya ce gidan su Amina ya yi mulki kafin hedikwatar Zazzau ta koma Zariya, kuma aikin da ya fi fito da sunanta shi ne wanda yankin ke kukan rashinsa: kare gari da buɗe hanya.

Amina 'yar Bakwa Turunku ce, wadda ake sa farkon sarautarta wajen 1536. A ruwayar da ta fi yaɗuwa, ɗan'uwanta Karama ya yi sarauta daga 1566 zuwa 1576, ita kuwa tana cikin jagororin mayaƙansa, sannan ta karɓi ragama bayan rasuwarsa. Littafin Tarihin Kano ya saɓa wa wannan lissafi, domin ya sanya ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, tsakanin 1421 da 1438. Masana sun daɗe suna muhawara kan wannan tazara ta fiye da shekara ɗari, amma littafin bai yi ƙwauron bayani ba: ya ce ta shekara 34 tana yaƙi, ta ci ƙasashe har Kwararrafa da Nupe, kuma Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Muhammadu Bello ma ya ambace ta a Infaƙul Maisuri, inda ya nuna cewa ikonta ya kai Katsina da Kano.

Abin da ya fi dawwama shi ne ganuwa. An ce duk inda ta yada zango sai ta sa a kewaye wurin da katangar ƙasa, shi ya sa har gobe ake kiran tsofaffin katangu da dama a ƙasar Hausa ganuwar Amina, ko da ba ita ta gina dukkansu ba. Ganuwa ba tarin ƙasa ba ce kawai. Akan haƙa rami a bayanta don karya gudun dawakin mahara, a bar fili a ciki domin noma da kiwo idan an yi wa gari ƙawanya, a kuma naɗa mai tsaron kowace ƙofa, wanda zai rufe ta idan dare ya yi, ya san baƙon da ya shigo da kayan da ya ɗauko. Garuruwa masu ganuwa a jere kan hanya su ne suka ba fatake ƙarfin halin kora jakunansu daga wannan zango zuwa wancan. Tarihin Kano ya danganta shigowar hajojin yamma ƙasar Hausa da zamaninta.

Sai dai kada a yi mata kwalliyar da ba tata ba. Garuruwan da ta ci da yaƙi, suka biya gandu da bayi, da wuya su kira abin da ya same su tsaro. Labarin nan kuma da ake yawan yayatawa, na cewa takan kwana da namiji a kowane gari ta sa a kashe shi da safe, babu shi a Tarihin Kano. Amma shi ya fi saurin zuwa bakin mutane fiye da ganuwar. Ba abin mamaki ba ne a ƙasar da sai a 1955 rundunar 'yan sandanta ta fara ɗaukar mata aiki.

Bello ya ce ta rasu a Atagara, wurin da ake dangantawa da yankin Idah na jihar Kogi ta yanzu, nesa ƙwarai da gida. Masu bin lissafin 1576 suna sa rasuwar a 1610. Yau sunanta yana kan wata kwalejin 'yan mata a Kaduna da ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma mutum-mutuminta, riƙe da takobi a kan doki, yana harabar gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Legas.