Tarihin Sayyid Ahmad Khan, wanda ya kafa Kwalejin Aligarh

A ranar 27 ga watan Maris na shekarar 1898 ne Allah ya yi wa Sir Sayyid Ahmad Khan rasuwa a garin Aligarh da ke arewacin Indiya, aka kuma binne shi a gefen masallacin kwalejin da ya ƙarar da ƙarshen rayuwarsa wajen ginawa.

A zamaninsa wasu malamai sun kafirta shi saboda kiran da ya yi ga Musulmi da su nemi ilmin zamani. A yau kuwa, ana lissafa shi cikin manyan waɗanda suka farfaɗo da al'ummar Musulmin Indiya.

Asalinsa

An haifi Sayyid Ahmad ranar 17 ga watan Oktoban 1817 a birnin Delhi, a gidan da ke da kusanci da fadar sarakunan Mughal. Kakansa na wajen uwa ya taɓa riƙe muƙamin waziri.

Ya yi karatun Alƙur'ani da Larabci da Farisanci kamar sauran 'ya'yan manya na lokacin. Bayan rasuwar mahaifinsa a 1838, sai ya kama aiki a kotunan kamfanin East India na Turawan Ingila, inda daga bisani ya zama alƙali.

Boren 1857

Yana aiki a garin Bijnor lokacin da sojojin Indiya suka yi wa Turawa bore a shekarar 1857. Ya ba Turawan da ke garin kariya, har suka tsira da rayukansu.

Sai dai kuma wannan bai kuɓutar da danginsa ba. Da dakarun Birtaniya suka sake ƙwace Delhi, an kashe wasu 'yan uwansa, aka washe gidansu, mahaifiyarsa kuma ta rasu ba da jimawa ba saboda wahalar da ta sha.

Turawa sun fi ɗora alhakin boren a kan Musulmi. Sayyid Ahmad ya rubuta wani ɗan littafi a kan musabbabin boren, wanda aka buga a 1859, inda ya nuna cewa laifin na masu mulki ne, domin ba sa jin ta bakin 'yan ƙasa wajen yin doka, kuma sun bar jama'a cikin fargabar cewa za a raba su da addininsu.

Amma darasin da ya fi tsaya masa a rai shi ne cewa mulki ya riga ya suɓuce, Ingilishi na maye gurbin Farisanci a ofisoshi da kotuna, Musulmi kuwa na ƙauracewa makarantun Turawa. A ganinsa, muddin aka ci gaba da haka, to sai dai su zama 'yan kallo a ƙasarsu.

Kafa kwalejin

A 1864 ya kafa wata ƙungiya mai fassara littattafan kimiyya zuwa harshen Urdu. A 1869 kuma ya raka ɗansa, Sayyid Mahmud, Ingila, inda ɗan ya shiga jami'ar Cambridge.

A can ne ya rubuta martani ga littafin da William Muir ya wallafa a kan rayuwar Annabi Muhammadu (SAW), aikin da ya jefa shi cikin bashi. A can ne kuma ya ga tsarin kwalejojin Cambridge da Oxford, inda malamai da ɗalibai ke zaune wuri guda, ana haɗa karatu da tarbiyya.

Da ya koma gida sai ya shiga neman gudummawa gari-gari. An buɗe makarantar a ranar 24 ga watan Mayun 1875, sannan a watan Janairun 1877 Lord Lytton, wakilin Sarauniyar Ingila a Indiya, ya aza harsashin ginin Muhammadan Anglo-Oriental College.

Adawa ta yi tsanani. An fitar da fatawoyi a kansa, har da waɗanda aka samo daga Makka, musamman saboda yadda yake fassara wasu ayoyi domin su dace da kimiyya. Shi ma Jamaluddin al-Afghani ya soke shi da cewa ya cika biyayya ga Turawa.

Domin kwantar da hankalin iyaye, Sayyid Ahmad ya cire hannunsa daga darasin addini a kwalejin, ya bar shi ga malaman Sunni da na Shi'a. Kazalika ƙofa a buɗe take ga waɗanda ba Musulmi ba, har ma ɗalibin da ya fara samun digiri, Ishwari Prasad, mabiyin addinin Hindu ne.

Cikin waɗanda suka koyar akwai Shibli Nu'mani, fitaccen masanin tarihin Musulunci, da Thomas Arnold, wanda ya rubuta littafi a kan yadda Musulunci ya yaɗu ta hanyar wa'azi.

A fagen siyasa kuwa, ya shawarci Musulmi da su nisanci jam'iyyar Congress, yana mai ganin cewa zaɓe zai danƙa komai a hannun masu rinjaye. An ba shi lambar girma ta Sir a 1888.

Shekarunsa na ƙarshe ba su yi masa daɗi ba. Ya ɓata da wasu aminansa a kan nacewar da ya yi cewa ɗansa ne zai gaje shi, sannan a 1895 aka gano cewa wani magatakarda ya yi sama da faɗi da kuɗin kwalejin fiye da rupi dubu 100.

Abin da ya bari

A 1920 kwalejin ta zama Jami'ar Musulmi ta Aligarh. A wannan shekarar ce kuma wasu 'ya'yanta, ciki har da Muhammad Ali Jauhar, suka ɓalle suka kafa Jami'a Millia Islamia, domin ƙin karɓar tallafin gwamnatin mulkin mallaka.

A wajen taron ilmi na shekara-shekara da ya ƙirƙiro a 1886 ne aka kafa jam'iyyar Muslim League a Dhaka a 1906, wadda ta jagoranci fafutukar samar da Pakistan.

Liaquat Ali Khan, firayim ministan Pakistan na farko, ɗalibin Aligarh ne. Haka ma Zakir Husain, Musulmin farko da ya zama shugaban Indiya a 1967.

Masu sukarsa na cewa ya fi damuwa da 'ya'yan manya, bai kuma ba ilmin mata muhimmanci ba, domin sai a 1906 wani tsohon ɗalibin kwalejin, Sheikh Abdullah, ya buɗe makarantar 'yan mata a garin.

Har yanzu masana tarihi na saɓani a kan ko shi ne ya shuka irin raba Indiya gida biyu. Tsofaffin ɗaliban Aligarh kuwa sukan taru a ƙasashe daban-daban ranar 17 ga watan Oktoban kowace shekara domin tunawa da shi.