Victor Borge: ɗan gudun hijirar da ya haɗa piyano da barkwanci

Ranar 28 ga watan Agustan 1940 wani jirgin ruwan sojan Amurka mai suna American Legion ya isa birnin New York, ɗauke da mutanen da suka tsere wa yaƙin Turai. Cikinsu akwai wani makaɗin piyano ɗan ƙasar Denmark mai shekara 31, dala 20 kawai ke aljihunsa, kuma ba ya jin Ingilishi. Shekaru 13 bayan haka, mutumin nan ne ya riƙa cika zauren wasa a unguwar Broadway shi kaɗai, da piyanonsa da bakinsa.

Sunansa na yanka Børge Rosenbaum. An haife shi ranar 3 ga Janairun 1909 a birnin Kopenhagen, a gidan Yahudawa makaɗa. Mahaifinsa yana cikin ƙungiyar makaɗan masarautar Denmark, mahaifiyarsa kuma makaɗiyar piyano ce. Yana da shekara 8 ya fara kiɗa a gaban jama'a, a 1918 kuma ya samu gurbin karatu kyauta a makarantar kiɗa ta masarauta. A 1926 ya yi babban wasansa na farko.

Irin kiɗan da ya koya shi ne wanda Turawa ke kira kilasik, na su Mozart da Beethoven da Chopin. Kiɗa ne mai tsauraran ƙa'idoji. Masu sauraro kan sa tufafin alfarma, su zauna shiru, ko tari mutum ya yi sai a juyo a dube shi, tafi ma yana da lokacinsa. Wannan tsare gida ne Borge ya mayar abin wasa. Bayan ƴan shekaru yana kiɗa zalla, sai ya fara cusa raha a tsakani, har ya zama ɗaya daga cikin fitattun ƴan wasan ƙasarsa.

Rahar tasa ba ta tsaya kan makaɗa ba. Lokacin da Hitler ke ƙara ƙarfi a Jamus, Borge ya riƙa yi wa ƴan Nazi shaguɓe a dandali, abin da ke da haɗari ga Bayahude. Da sojojin Jamus suka mamaye Denmark ranar 9 ga Afrilun 1940, ya yi sa'a yana wasa a Suwidin. Daga can ya wuce Finlan, ya samu shiga jirgin da ya tashi daga tashar Petsamo.

A Amurka sai da ya koma farko. Mai barkwanci da harshe yake cin abinci, shi kuwa nasa harshen ba mai jin sa a can. Ya koyi Ingilishi ta hanyar zama a gidajen silima yana kallon fina-finai, ya sauya suna zuwa Victor Borge. A 1941 ya shiga shirin rediyon Rudy Vallee, daga nan mawaƙi Bing Crosby ya ɗauke shi a shirinsa na Kraft Music Hall. A 1948 ya zama ɗan ƙasar Amurka.

Baƙuntarsa a harshen ita ce ta ba shi wasu daga cikin wasanninsa mafi shahara. A ɗaya, yakan karanta labari yana ba kowace alamar rubutu sautinta da baki: aya da nata, waƙafi da nasa, alamar tambaya da nata. A wani kuma yakan ce tunda farashin kaya na hawa, ya kamata kalmomi ma su hau, sai ya ƙara ɗaya a kan duk lambar da ta ɓuya cikin kalma. Da da Hausa yake yi, wanda ya tara kuɗi sai a ce ya goma kuɗi.

A gaban piyano kuwa, yakan sanar da kiɗan da zai yi, ya gyara zama, ya ɗaga hannu, sai wata magana ta faɗo masa ya fasa. Yakan buga wani abu maras kan gado, ya ƙura wa takardar kiɗan ido, ya juya ta, ashe a kife take. Idan mawaƙiya Marilyn Mulvey ta ƙwalla murya sama, sai ya faɗo daga kujera don firgita, ya tashi ya ciro ɗamara irin ta mota ya ɗaure kansa. Da makaɗi Şahan Arzruni kuma sukan yi ta rububin piyano guda, suna ture juna suna kiɗan Liszt.

Abin da ya riƙe wasan shi ne ya iya kiɗan da gaske. Kuskuren ganganci a daidai wurin da zai ba da dariya sai wanda ya san daidai ɗin sarai. Idan ya ga dama yakan bar raha ya buga kiɗa har ƙarshe, zauren ya yi tsit. Mutane da yawa da ba su taɓa shiga zauren kilasik ba, a wurinsa suka fara jin waɗannan kaɗe-kaɗe. Manyan ƙungiyoyin makaɗa, har da na New York da Chicago, sun ba shi sandar jagora, haka ma ƙungiyar da mahaifinsa ya yi wa aiki a Kopenhagen, a 1992.

Wasansa mai suna Comedy in Music ya buɗe a zauren John Golden ranar 2 ga Oktoban 1953, aka yi shi sau 849 kafin a rufe a Janairun 1956, abin da ya shigar da shi littafin Guinness a matsayin wasan mutum ɗaya mafi daɗewa.

Bai manta da abin da ya raba shi da gida ba. A 1963 shi da lauya Richard Netter suka kafa asusun Thanks to Scandinavia, mai ba ɗalibai tallafin karatu, don godiya ga mutanen ƙasashen arewacin Turai da suka ceci Yahudawa lokacin yaƙi. A 1999 Amurka ta karrama shi da lambar Kennedy Center.

Bai daina hawa dandali ba har ƙarshen rayuwarsa. Ya mutu cikin barci ranar 23 ga Disamban 2000 a gidansa da ke Greenwich, jihar Connecticut, yana da shekara 91, ƴan watanni bayan mutuwar matarsa Sanna. An raba tokar gawarsa biyu: rabi a Greenwich, rabi a maƙabartar Yahudawa ta Kopenhagen.